Ramar Bama

Baba bai taɓa kiran ciwonsa ciwo ba, baƙo yake ce masa. In ka gaishe shi da safe ka ce ya ƙarfin jiki, sai ya ce, "Baƙon dai ya kwana, kuma bai yi maganar tafiya ba." Ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Nakan ce masa, "Baba, wanda ya riga ni zuwa gidan nan ai ya wuce baƙo, sai dai mu ne baƙinsa." Sai ya yi dariya ya ce, "Uwata, bakinki dai!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗejiya, in ka miƙa kamar za ka Kirikasamma. In kogi ya kawo ruwa, ko kasuwa za ka sai mai fito ya haye da kai. Duk namijin garin ya yi ƙuruciyarsa cikin ruwa har ƙugu, ko yankan shinkafa ko su, Baba ma haka ya yi kafin rawani ya hau kansa. A nan sanyi ya shige shi, ya yi gida a kwankwaso, ya gangaro ta cinyar hagu har gwiwa. Lokacin da nake magana yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba, mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida. Innarmu ta jima da rasuwa, don haka gidan yana hannun Gwaggo, yayar Baba, tsohuwa mai yanar ido wadda ba ta taɓa yarda idonta ya rage ba. In ta gaida tulu da zaton mutum ne, sai ta ce tulun ne ya tsaya a inda mutane ke tsayawa.

Baba shi ne limamin masallacin ƙofar gidanmu, ya gaji ubansa. Masallacin ba wani babba ba ne, katanga ce gajera da rumfa da rairayi mai laushi, tsakaninsa da madafarmu kuwa zana ce kawai. Ina tuƙa tuwo ina ganin bayan sahu ta ramukan zana. Ta nan na riƙa ganin yadda baƙon nan yake cin Baba. In zai yi sujada sai ya sauka a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa, in zai tashi kuwa har haƙoransa nake jin suna ƙara. To ga abin da ke gabanmu: a karatun da Baba ya yi, kuma shi da bakinsa ya karantar da mutane, wanda ba ya iya tsayuwa da ruku'u da sujada ba ya jan masu iyawa salla. Ranar da goshinsa ya kasa kai ƙasa, ranar ce zai bar gaban sahu. Kowa ya san haka, ba wanda yake faɗa.

Za ku zaci na'ibinsa yana can yana lashe baki yana jiran gado. Ina! Ba a taɓa yin mutumin da ke tsoron limanci kamar bawan Allah nan ba. Mai saƙar tabarmar kaba ne, mutumin kirki, abokin Baba tun suna yara, sai dai yana da in'ina. Shi kaɗai karatunsa kamar ruwa, amma ya ji mutum ɗaya a bayansa, shi ke nan harshe ya ɗaure. An ce wata rana da Baba ya yi tafiya ya shiga gaba, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, mutane suka yi ta jira har wani ya zaci addu'a yake yi ya shafa. Tun daga nan ya ɗaura ɗamarar cewa sai Baba ya warke ko ana ha-maza-ha-mata. Duk azabar da Baba ya sha da sunan magani, ƙafar na'ibi ce ta kawo ta.

Ƙaho kam ba a magana, bayan Baba duk shaidar wanzami ce, kamar an zana gidajen dara. An yi sakiya, aka ɗora masa jan ƙarfe a ƙugu, ƙauri ya cika zaure, ciwo ya koma gefe ya jira ƙunar ta warke sannan ya dawo wurinsa. An shafa kitsen mesa, karnukan gari suka riƙa raka liman masallaci. An kai shi ɗakin shan magani a Haɗejiya a kan jaki, aka ba shi wasu fararen ƙwayoyi, sun kuwa yi aiki, sai dai jijjigar jaki a hanyar dawowa ta cinye aikin kafin su iso gida.

Sai na'ibi ya samo wani Babarbare daga wajen Birniwa wanda ya ce sanyi ba ya fita sai da zafin ƙasa. A bari rana ta take, a tona rami a rairayin gaɓar kogi, a binne mai ciwo har wuya. Baba ya ce to. Shi fa ba ya iya ce wa na'ibi a'a, tausayinsa yake ji. Aka binne shi, aka kifa masa malafa don rana, na'ibi ya ce bari ya ɗebo ruwa. Ni ina tahowa da fura daga nesa, sai ga wani makiyayi ya gangaro da shanunsa shan ruwa. Ya ga sabuwar malafa a yashe ba mai ita, ya waiga dama da hagu, ya sunkuya ya ɗauka. Sai ga kai a ƙasa da farin gemu. Baba kuwa, da yake mutum ne mai ladabi, ya ce masa, "Salamu alaikum." Wayyo! Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya bar sanda, ya bar shanu, malafar ce kaɗai bai saki ba. Kafin in iso wata saniya ta fara lasar gumin kan liman, shi kuwa yana ta ce mata, "Haba baiwar Allah, haba baiwar Allah." Har yau akwai masu cewa wurin nan da aljanu, kuma aljanun musulmi ne.

Bayan wannan sai minjirya. Wanda bai san ta ba, kifi ce mai santsi da ba a kama ta da hannu, in ta taɓa ka sai ka ji duk jijiyoyinka sun tsinke gaba ɗaya. Wani masunci ya gaya wa na'ibi cewa abin da ke tsinka jijiya shi ke kwance ta. Aka kawo ta da rai cikin kwatarniya, aka zaunar da Baba a kan turmi, aka tsoma ƙafarsa. Minjirya ta kwanta a gefe ta yi biris da shi. Aka jira, aka jira. Na'ibi ya ga abin nema zai kuɓuce, ya tura hannu don ya zaburar da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ya yi tsalle ya daki rufin rumfa, ya surfa wa minjiryar nan zagi tun daga uwarta har kakanninta na cikin tafki, ba in'ina ko ɗaya. Muka dubi juna, don ba mu taɓa jin ya kai ƙarshen magana a numfashi guda ba. Sannan minjirya ta juya ta ba Baba nasa kason. Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Baba, ya baƙon?" Ya ce, "Uwata, ban san inda yake ba, gidan duka ya cika da baƙi." Da yamma Gwaggo ta dafa kifin, ta ce ita ba a yi mata asarar nama.

Ana cikin haka sai ga ƙanena ya dawo daga yaƙin Bama, wata ƙasa can gaba da Indiya. Tun da aka ɗebe su soja muka fid da rai, sai kawai aka aiko daga tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori a kawo jaki. Ya iso ramamme, da takalma masu nauyi da wata Hausa ta bariki wadda ba kai ba gindi. Daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Soja yake ce masa, har Baba. Ya kwana biyu yana kallon yadda Baba ke tashi daga tabarma, sannan ya buɗe akwatinsa ya fito da wani gwangwani cike da busasshen ganye da 'ya'yansa. Ya ce ganja mutanen Indiya ke kiransa. Shi ne abin da yanzu ake ce wa wiwi, amma a lokacin ko sunan ba mu taɓa ji ba. Ya ce a dajin can in ƙafar mutum ta ruɓe cikin taɓo, wannan ake busawa a samu a rintsa.

Baba ya ce, "Busawa? A gidan nan ko taba ba a sha."

"To a shafa, Baba. Can ma tsofaffinsu suna dafa shi da mai su shafa."

Baba ya yi tunani ya ce abin da ya tsaya a fata bai kai ga hankali ba, a shafa. Ni ce mai dafawa da man shanu a wani tsohon kasko, Soja ne mai murzawa. Gaskiya ya ɗan ji sauƙi. Ko ganyen ne, ko ɗumin man ne, ko kuwa hannun Soja ne da yake murza mutum kamar yana wankin kaki, Allah masani. Abin da na sani tururuwa ta gane shimfiɗar Baba, sai da muka riƙa zagaye ta da toka. Na'ibi ya yi ta murna, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Amma sauƙin na kwanciya ne, bai kai na sujada ba, ganyen gwangwani kuma yana ta raguwa.

Ashe Soja ya yi dabara. Da damina ta faɗi ya shuka 'ya'yan nan a bayan gida, gefen fadama, a tsakiyar ramar Gwaggo. Ya ji a bariki cewa Bature ya hana, yana tsoron kada 'yan doka su gani, ya kuma lura ganyen da na rama kamar an tsaga kara, duka yatsu-yatsu ne. Dabara ce mai kyau in da 'yan doka ne ke tsinkar ramar gidanmu. Kuma wai don sirri, bai gaya wa kowa ba. Namiji ke nan. Ya ɓoye abu a cikin miyar mata, ya ce ya yi ajiya.

Wata ranar kaka, ruwa ya fara ja, Gwaggo ta tashi da kwaɗayin dambun rama. Ta ɗauki ƙwarya ta zagaya bayan gida, ta dawo da ita cike tana ta yabon ƙasa. Ta ce bana rama ta yi albarka, wasu har sun fi ta tsawo, sun yi tozo a kai mai danƙo, ta bi su duk ta karye kawunan don sun fi taushi. Na kai hanci na ce, "Gwaggo, wannan ramar warinta daban, kamar na man Baba."

Ta ce, "Hannunki ne ke wari, kullum kina cikin kaskon nan. Tun uwarki ba ta iya daka ba nake tsinkar rama, ke ce za ki koya mini?"

Na ƙyale ta, don mai gardama da Gwaggo sai ya shirya wuni. Kuma ranar ina ramuwar azumi, ba halin in ɗanɗana. Ita ta ɗanɗana ta ce ba tsami, a ƙara ruwan tsamiya. Na yanka, na haɗa da tsaki, na turara a madambaci, na zuba ƙuli da albasa da barkono. Sai aka yi dace wata Bafilatana ta kawo wa liman sadakar man shanu, Gwaggo ta ce in soya in juye duka. Ni dai girki na yi, kuma dambu ya yi kyau, wanda ya ce bai yi ba ya zo ya faɗa a gabana.

Bayan azahar aka fitar da akushi zaure. Baba ya ci, na'ibi ya ci, ladan ya ci, da wasu dattawa da kullum ƙafarsu ke kawo su daidai lokacin da aka sauke tukunya. Soja ba ya nan, ya tafi fadama duba shinkafa. Gwaggo ta cinye nata ta kankare madambaci.

Da farko ba abin da na lura sai cewa hirar zaure ta yi daɗi fiye da kullum. Can na juya na ga Gwaggo ta durƙusa gaban turmi tana shafa shi tana hawaye. Na ce lafiya? Ta ce gafara take nema, shekara da shekaru tana dukan bawan Allah nan bai taɓa ramawa ba. Kafin in gama salati sai na ji kiran la'asar, an ja shi an ja shi kamar ba za a dire ba. Na leƙa ta zana. Ladan ya gama, amma ya ƙi saukowa daga dakalin da yake hawa, dakalin da bai kai gwiwata ba, yana leƙen ƙasa yana cewa a kawo tsani. Sai da aka ɗauko shi kamar jariri.

Sannan na ga Baba. Ya fito daga zaure ba sanda. Ya tako a miƙe, ya shiga gaba, ya gyara rawani. Rabon da in ga tsawonsa na gaskiya tun ina yarinya, har na manta dogo ne. Na dafe bakina, hawaye suka zubo mini, ban san dalili ba na dai ce Allah ya karɓi addu'a. Masunta da manoma da suka taso daga aiki suka cika sahu na baya. Ya yi kabbara, ya tsaya, ya yi ruku'u bayansa a shimfiɗe sumul. Ya tafi sujada kamar yaro, ba nishi, ba ƙarar haƙori. Goshi ya sauka a rairayi.

Shi ke nan. Bai ɗago ba.

Sahun gaba, wato maciya dambu, ba wanda ya damu, kowa ya lafe abinsa. Sahun baya ne ido ya raina fata. Can wani ya ce, "Subhanallah," yadda ake tunatar da liman in ya yi mantuwa. Shiru. Wani ya ƙara, da ɗan ƙarfi. Shiru. Akwai masuncin da ya ajiye kamunsa a gora a bakin ƙofa, ina kallo kyanwar gidanmu ta zo ta ja tarwaɗa ta tafi, ta dawo ta sake jan wata. Yana jin motsinta, ba halin ɗago kai, sai subhanallah yake ta jerawa, muryarsa tana ƙara rawa da kowace tarwaɗa. Ni kuwa na ce shi ke nan Baba ya cika a sujada. Har na ɗaga ƙafa zan keta zana, sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Kuka yake yi, a hankali, fuskarsa cikin rairayi.

Da ƙyar aka kai ƙarshen sallar nan, rana har ta yi ja. Ana sallamewa sai ga Soja a guje daga bayan gida, yana ihu da Hausar bariki wai wane ɗan banza ne ya aske masa shuka. Gwaggo ta leƙo ta ce wace shuka, ramarta ce ta tsinka. Ya dube ta, ya dubi ladan da ke ƙirga yatsunsa yana mamakin yawansu, ya dubi akushi. Sai ya zauna a ƙasa daɓas ya ɗora hannu a ka. Ranar na wanke shi tas, ban bar masa ko na sabulu ba. Na ce ka je har bangon duniya ka dawo, abin da ka koyo ke nan, ka bugar da unguwa guda har da liman?

Washegari baƙo ya dawo da kayansa, har da na jiya da aka hana shi. Baba ya kasa ko juyawa. Da hantsi sai ga dattawa sun cika ɗakinsa, na'ibi a gaba, ni ina bakin ƙofa da kaskon mai. Sun kwana da shawara. Na'ibi ya yi ta fama da harshensa har ya fitar da ita: ai ga magani Allah ya kawo har gida, a riƙa sa wa Malam ɗan kaɗan a abinci, kamar gishiri, yadda zai miƙe amma ba zai zarce ba. Wani ya ce lalura ce, lalura kuwa tana da hukuncinta. Soja ya ce shi zai riƙa aunawa. Gwaggo ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce ita fa ba ta ga abin taro ba, rama ce ta wata ƙasa, yaushe aka fara haramta rama?

Baba ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Jiya a raka'ar farko, me na karanta?"

Aka ce ai la'asar ce, Malam, a ɓoye ake karatu, wa zai sani?

Ya ce, "To ni ma ban sani ba. Ban san ko na karanta Fatiha ba. Ban san raka'a nawa muka yi ba." Ya juyo wajena. "Uwata, ke ce ba ki ci ba. Sujadar nan ta kai yaya?"

Na ce, "Baba, da na ɗora shinkafa da ta nuna."

Wasu suka fara dariya suka ga bai yi ba, suka haɗiye. Ya ce maras lafiyar da ciwo ya kai shi bango, malamai sun yi magana a kan abin da zai sha, shi ba zai ɗaga wa kowa yatsa ba. Amma liman mai fito ne. Wa zai sa iyalinsa a kwale-kwalen mutumin da bai san gaɓar da ya nufa ba? Ya ce a bi gida-gida a gaya wa duk wanda ya bi shi jiya ya sake la'asar, a kuma ba masuncin nan haƙurin kifinsa. Na'ibi ya fashe da kuka, ya kama ƙafar Baba, mai ciwon ma, yana cewa Malam ka rufa mini asiri. Baba ya cije leɓe don zafi, ya ce, "Ciwon nawa ne, sallar tasu ce. Ba zan biya da tasu ba. Tashi ka shiga gaba, azahar ta kusa."

Aka ɗauke shi a kan buzu aka kai shi ƙarshen sahun farko, jikin katanga, ya zauna ya miƙe ƙafar hagu. Na'ibi ya tsaya a inda Baba ya tsaya tun kafin a haife ni. Ya ɗaga hannu, kabbara ta maƙale. Ina jin masuncin jiya ya yi ajiyar zuciya, don ya sake ajiye gora a ƙofa. Sai Baba ya yi gyaran murya kaɗan, irin wanda yake yi in yaro ya kakare a allo. Kabbara ta fito. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ɗaya na da ƙafa, ɗaya na da harshe, unguwa tana salla a tsakaninsu.

Soja ya tumɓuke shukarsa daga cikin rama ya mai da 'yan kaɗan can wani tudu cikin fadama, ya kewaye da ƙaya, na shafawa kawai. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina ƙorafi ba, duk dambun da na yi sai ta ce bai kai na ramar Bama ba. Muka ci gaba da lallaɓa baƙo da abin da muka iya. Ɗumin rairayi a ƙunshe cikin tsumma, ruwan zafi, man kasko safe da yamma. Da Soja ya yi aure ya tashi, murzar ta dawo hannuna.

Wata rana da sanyin kaka ciwon ya tashi har Baba yana cizon bakin mayafi. Raina ya ɓaci, na ajiye kasko da ƙarfi na ce, "Baba, don Allah ka bari in yi maka dambun nan. Yanzu ai ba ka jan kowa."

Ya ce, "Akwai mutum ɗaya da har yanzu nake ja." Ya nuna ƙirjinsa, sannan ya ce, "Uwata, ba ki san daɗin da na ji ranar nan ba. Rairayin nan sanyi gare shi, yana ƙanshin kogi. Na ji kamar kada in tashi har abada. In na sake ɗanɗanawa ba zan iya bari ba, kuma ba zan san ko Ubangijina nake nema ko dambu ba."

Na ji haushi, kuma har yau in na tuna ina ji. Goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba. Da nuni yake sujada, ya ɗan sunkuyar da kai iya inda baƙo ya yarje masa.

Baba yana da tabon salla a goshi, baƙi ƙirin, mai kauri, tun ina goye nake taɓa shi da yatsa. Da shekaru suka tura ba ya gogar ƙasa, sai ya riƙa dusashewa. Ni na lura, ban faɗa ba. Wata safiya can kusa da ƙarshensa, ina murza masa mai, ya kai hannu yana laluben wurin. Gidanmu ba madubi. Ya ce, "Uwata, duba mini, yana nan?"

Na duba. Fata ce sumul kamar ta jariri. Na so in ce yana nan, amma shi ya rene ni, ya san muryata in na yi ƙarya. Na ce, "Ya goge, Baba."

Ya sake shafa goshin da hannunsa. Sannan ya sauke shi ya ce, "To, madalla. Yanzu ba wanda ya sani sai wanda aka yi dominsa."

Hawayena suka ɗiga a bayansa, na yi maza na murje su cikin man. Ya ce in ƙara dannawa wajen ƙugu, yau hannuna ba ƙarfi.